Inda Ake Haƙo Shiru: Yini Guda a Cikin Dutsen Rustrel

Tsohon ɗalibina ne ya jawo ni wannan tafiya. Shekaru da dama da suka wuce na koyar da shi fiziks a aji, daga baya ya sami gurbin karatun digiri na uku a kudancin Faransa, kuma duk sa'ad da muka yi waya sai ya ce mini, "Malam, in Allah ya kawo ka ƙasar nan, akwai inda zan kai ka ka ji irin shirun da ba ka taɓa ji ba." Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin zumuɗin ɗalibi, har wani aiki ya kai ni Paris a watan Oktoba, na sami sararin kwana uku, shi kuma ya riga ya nema mini izinin shiga tun makonni kafin zuwana, domin wurin ba a faɗa masa haka kawai.

Daga tashar Gare de Lyon jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya kai ni Avignon cikin ƙasa da awa uku. A nan ya tarbe ni da mota, muka nausa gabas ta cikin gonakin inabi zuwa garin Apt, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka, muka kwana. Da sassafe muka ƙara kilomita 10 zuwa ƙauyen Rustrel. Masu yawon buɗe ido sun san ƙauyen ne saboda tsofaffin ramukan haƙar jar ƙasa da ke kusa da shi, inda tuddai suka yi ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro kamar an rina su, amma mu sai muka ba su baya, muka fuskanci wani dogon dutse mai launin toka da gajerun itatuwa, wanda mutanen wurin suke kira Grande Montagne, wato babban dutse. A gindinsa akwai shinge, da 'yan ƙananan gine-gine, da bakin rami na kankare, kuma wanda bai san abin da ke ciki ba zai iya wucewa ko waiwaye bai yi ba. Sunan wurin a taƙaice LSBB, ma'anarsa da Faransanci ɗakin bincike na ƙarƙashin ƙasa mai ƙarancin hayaniya, kuma hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CNRS, tare da Jami'ar Avignon ne suke kula da shi.

Masana kimiyya gadon ramin suka yi, sojoji ne suka haƙa shi. A zamanin yaƙin cacar baka Faransa ta binne makamai masu linzami 18 masu ɗauke da nukiliya a faɗin tsaunin Albion da ke arewa da nan, suka fara aiki a 1971, aka kuma tanadi wurare biyu a cikin duwatsu da za a iya harba su daga ciki, ɗaya a Rustrel, ɗaya a Reilhanette. Dare da rana, tsawon shekaru 25, ana samun hafsoshi biyu zaune a can ƙuryar wannan dutse suna jiran umarnin da Allah bai kawo ranarsa ba. A 1996 shugaba Jacques Chirac ya sanar da rufe sansanin, aka kwance makaman, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka miƙa ramin ga masu bincike. Duk abin da sojoji suka yi domin kada bam ya taɓa mutanen ciki, kama daga zurfin wurin da kaurin kankare har zuwa sulken ƙarfe da nisantar gari, shi ne ya zama dukiyar masu gwaje-gwaje, kuma da a ce jami'a ce za ta gina irinsa daga farko, da wuya ta sami mai ba ta kuɗin.

Wani injiniya mai furfura a gemu ne ya yi mana jagora. Ya rubuta sunayenmu da lokacin shigarmu, ya ba mu hulunan kwano da fitilu, sannan ya bayyana cewa rubuta lokacin yana da muhimmanci fiye da yadda baƙo zai zata, domin idan bayan wata shida wani mai bincike ya ga wani ɗan tsalle a cikin bayanansa, abu na farko da zai duba shi ne littafin shiga da fita, ya ga ko a wannan minti wata mota ce ta gifta kusa da na'urarsa. Muka wuce ƙofar ƙarfe mai kauri, muka hau ƙaramar motar lantarki, muka miƙa cikin dutsen. Hanyar tana da bango na kankare da jerin fitilu da wayoyi a gefe, kuma a wani wuri ta karya kwana sosai, ta bar wani reshe ya ci gaba kai tsaye. An yi haka ne domin in bam ya fashe a bakin rami, ƙarfin iskarsa ya bi reshen ya mutu a can. Jimillar hanyoyin ta kai kusan kilomita 4, kuma yayin da kake tafiya a miƙe dutsen ne yake ƙara tsawo a kanka, har a wuri mafi zurfi ya zama akwai mita 500 da 'yan kai na dutsen farar ƙasa tsakaninka da sararin sama. Sanyin ciki iri ɗaya ne rani da damina, dare da rana, kuma wannan rashin canji shi kansa yana cikin abin da ake zuwa nema.

A kan hanya ne na gane cewa kalmar hayaniya a bakin mutanen nan ta fi faɗin yadda na saba da ita. Duk abin da ya shiga na'ura alhali ba shi ake nema ba, sunansa hayaniya: girgizar da babbar mota take jawowa a ƙasa, maganaɗisun da ke fitowa daga wayoyin wutar lantarki da layin dogo, sauyin zafi tsakanin hantsi da la'asar, iskar radon da ke tsattsafowa daga duwatsu, da kuma tartsatsin da ke zubo mana daga sararin samaniya. Wannan na ƙarshe Victor Hess ne ya tabbatar da shi a 1912, lokacin da ya hau balan-balan da na'urarsa ya ga ƙarfin tartsatsin yana ƙaruwa yayin da yake ƙara nisa da ƙasa. Ƙwayoyin da ke zuwa daga nesa suna karo da iskar sama, su haifi wasu ƙwayoyin, kuma waɗanda suka fi isowa ƙasa su ne miyon, masu kama da elektron amma sun ninka shi nauyi sau 207. A bakin teku, kowane murabba'in mita ɗaya yana karɓar miyon kusan 10,000 a minti guda, wato tafin hannun mutum yana karɓar kamar ɗaya a kowace daƙiƙa, su ratsa fata da ƙashi su wuce bai ji komai ba. Na shekara da shekaru ina rubuta wannan adadi a allo, amma sai a cikin motar nan, da injiniyan ya ce yanzu yawansu ya ragu sau dubbai, na buɗe tafin hannuna na duba shi kamar zan ga bambancin.

Rustrel ba ya cikin wurare mafiya zurfi. A Modane, cikin hanyar Fréjus da ta haɗa Faransa da Italiya, akwai mita 1,700 na dutse a sama, kuma miyon huɗu kacal ke ratsa murabba'in mita a yini guda. Gran Sasso a Italiya yana ƙarƙashin mita 1,400, SNOLAB a Kanada yana kilomita 2 cikin mahaƙar ma'adinai kusa da Sudbury, Jinping a ƙasar Sin ya kai mita 2,400. Abin da Rustrel ya fi su da shi wani abu ne daban: waɗancan galibi suna jingine da babbar hanyar mota, ko mahaƙar da ake aiki a cikinta, ko tashar wutar lantarki, shi kuwa yana cikin gandun da doka ta kare, babu masana'anta ko layin dogo a kusa, don haka shirunsa ya haɗa fuskoki da yawa a lokaci guda, na girgiza da na maganaɗisu da na tartsatsi.

Zangonmu na farko wani ɗaki ne da aka taɓa yin farautar ɓoyayyen abu a cikinsa, abin da Faransawa suke kira matière noire, wato baƙin abu, ko da yake a ganina ɓoyayye ya fi dacewa da shi, tunda baƙin abu yana tare haske, wannan kuwa haske ratsa shi yake yi kamar babu komai. Labarinsa ya faro ne a 1933, lokacin da Fritz Zwicky ya auna gudun tarin taurari a rukunin Coma ya ga suna gudun da ya kamata a ce sun tarwatse tuntuni, in dai nauyin da ake gani shi kaɗai ne yake riƙe da su. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna cewa taurarin da ke gefen tarin suna kewayawa da sauri kusan daidai da na ciki, abin da ba zai yiwu ba sai da wani nauyi mai yawa da ido da madubin hangen nesa ba sa gani. A lissafin yau, kusan kashi 85 cikin ɗari na duk wani abu mai nauyi a sararin samaniya irin wannan ne. Ɗaya daga cikin hasashen da aka fi bi shi ne cewa wasu ƙwayoyi ne masu nauyi da suke ratsa duniya da jikunanmu ba dare ba rana, kuma can ba a rasa ba ɗayansu ta yi karo da cibiyar atam ta tunkuɗe ta kaɗan. Wannan 'yar tunkuɗa ita ake tsugune ana jira.

Gwajin da aka yi a nan sunansa SIMPLE, masana daga Lisbon ta ƙasar Fotugal ne suka jagorance shi, kuma dabararsa ta burge ni saboda rashin tsadarta. Ana ɗaukar wani ruwa irin na iskar firji, a warwatsa shi ƙananan ɗigo-ɗigo a cikin wani abu mai kauri kamar danƙo, a zuba a kwalba, a riƙe shi a zafin da ya wuce na tafasarsa amma bai tafasa ba, domin ya rasa abin da zai tayar masa. Yana nan a kan gaɓa, ƙiris yake jira. Idan wata ƙwaya ta daki cibiyar atam a cikin ɗigon, ɗan zafin da ya taru a wuri ɗaya ya isa ya mai da ɗigon kumfa nan take, da ƙaramar ƙara wadda makirfo da ke cikin kwalbar zai ɗauka. Ana jera kwalaben a cikin tanki, a kewaye su da ruwa mai yawa domin ya tare niyutron, wato ƙwayoyin cibiyar atam marasa cajin lantarki, da ke fitowa daga dutse, sai a rufe ƙofa a tafi, a bar su suna saurare wata da watanni. Injiniyan ya ce wahalar aikin duka tana wajen tantance ƙarar, domin radon da ya sulale ciki yana tayar da kumfa, niyutron ma haka, kuma ɗan yoyon iska a murfin kwalba yana da tasa ƙarar, sai an koyi muryar kowannensu kafin a iya cewa ga wata baƙuwa. A wannan fage tsabtar kayan aiki takan kai mutane inda ba a zato: a Gran Sasso sun yi wa wani gwaji garkuwa da dalmar da aka tsamo daga jirgin ruwan Rumawa da ya nutse kusa da tsibirin Sardiniya shekaru dubu biyu da suka wuce, saboda sabuwar dalma tana ɗauke da wani nau'i mai fitar da tartsatsi wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 22, ita kuwa tsohuwar ta daɗe da hucewa.

SIMPLE ya gama aikinsa bai ji baƙuwar murya ba. Manyan gwaje-gwajen da ke amfani da tan-tan na iskar zenon da aka sanyaya ta zama ruwa, XENONnT a Gran Sasso da LZ a tsohuwar mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka, su ma har yanzu ba su kama ƙwayar ba. Na san akwai masu ganin wannan a matsayin asarar kuɗi da shekaru, kuma na tsaya a ɗakin na auna maganar a raina da gaske, amma ban yarda da ita ba. Wanda ya ce ya saurara tsawon kwana kaza da na'ura mai kaifi kaza bai ji komai ba, ya faɗi wani abu tabbatacce game da duniya, domin ya rufe wani yanki na inda ƙwayar za ta iya ɓuya, na bayansa ba zai sake ɓata lokaci a wurin ba. Kuma a wannan mahaƙar ta Homestake ne Ray Davis ya shafe shekaru tun daga ƙarshen shekarun 1960 yana ƙirga niyutrino, wasu ƙwayoyi marasa caji masu wuyar kamawa da ke zuwa daga rana, yana samun kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya ce, mutane da yawa suna zaton kuskure ne a na'urarsa, har sai da gwaje-gwajen Kamioka a Japan da Sudbury suka nuna cewa niyutrino ne ke sauya kama a hanya. Ya karɓi kyautar Nobel a 2002. Abin da ya fi kama ni a wannan aiki shi ne gaskiyar da yake buƙata: mutum ya ji ƙara bayan wata shida yana jira, zuciyarsa tana so ta zama ita ce, amma ya zauna ya bi diddiginta har ya gano radon ce, ya kuma rubuta hakan.

Daga nan muka nufi ƙuryar da hafsoshin nan biyu suke zama a da. Kafin mu isa, injiniyan ya sa muka ajiye wayoyinmu da makullai da duk wani ƙarfe da ke aljihu, muka ƙarasa da ƙafa. Ɗakin yana da siffar kafso kwance, tsawonsa mita 28, faɗinsa mita 8, an lulluɓe shi da ƙarfe, bayan ƙarfen kuma kankare mai kaurin mita 2, a cikinsa akwai wani ɗakin da aka ɗora a kan na'urorin shanye girgiza domin ko dutsen ya motsa mutanen ciki su tsira. An yi sulken ƙarfen ne saboda bugun lantarki da maganaɗisu da fashewar nukiliya take haifarwa, wanda yake ƙona na'urori. Da muka shiga aka ja ƙofa, ɗalibina ya ce, "Malam, yanzu ka yi shiru minti ɗaya." Muka tsaya mu uku ba mai motsi. Da farko na ji numfashina, sannan na ji bugun jini a cikin kunnena, sannan wani siririn amo wanda na tabbata daga cikin kaina yake fitowa. Na haɗiye yawu, ƙararsa ta zo mini kamar an taka busasshen ganye. Ban taɓa sanin cewa jikin mutum yana da surutu haka ba, kuma minti ɗayan ya yi mini tsawo ƙwarai.

Amma shirun da ya sa ake zuwa ɗakin kunne ba ya jin sa. A gefe guda akwai wata tukunya mai kama da dogon tulu, a cikinta ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, a cikin ruwan kuma na'urar auna maganaɗisu da ake kira SQUID. Tun 1911 Kamerlingh Onnes ya gano a Leiden cewa wasu ƙarafa, in sanyi ya kai wannan matsayi, lantarki yana bin su ba tare da wata turjiya ba, kuma ƙaramin zobe da aka yi da irin wannan ƙarfe yana jin canjin maganaɗisu da bai kai ɗaya cikin biliyan na ƙarfin maganaɗisun duniya ba. Na'ura mai irin wannan kaifi a cikin gari kurma ce, domin lif da firji da motar da ke wucewa duk za su cika mata kunne. A nan kuwa dutse da ƙarfe suna tare igiyoyi masu saurin kaɗawa, irin na rediyo da wayoyin wuta, su bar sauye-sauye masu tafiyar hawainiya su shigo, kuma waɗannan su ne muryar duniya da ta sararin da ke kewaye da ita.

Maganaɗisun duniya yana tasowa ne daga narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikinta, daga zurfin kilomita 2,900 zuwa ƙasa, kuma ƙarfinsa a doron ƙasa yana tsakanin maikrotesla 25 da 65, gwargwadon inda mutum yake. Shi ne yake juya allurar kamfas, shi ne kuma yake karkatar da mafi yawan ƙwayoyin da rana take fesowa. Ba a tsaye yake ba: a duwatsu an karanta cewa arewa da kudunsa sun sha musayar wuri, na ƙarshe kusan shekaru 780,000 da suka wuce, kuma ko a cikin yini guda yana rawa kaɗan-kaɗan, saboda lantarkin da ke gudana a saman iska yana ƙaruwa da fitowar rana, ya ragu da faɗuwarta. Injiniyan ya nuna mana layuka uku a fuskar kwamfuta a wajen ɗakin, ɗaya na arewa, ɗaya na gabas, ɗaya na sama da ƙasa, ya ja baya zuwa kwanakin da suka wuce, sai ga tudu da kwari suna maimaituwa kullum. Na tsaya ina mamakin cewa a wurin da hasken rana bai taɓa shiga ba ana iya gane ketowar alfijir daga layi a kwamfuta. Ya nuna mana kuma wani dare da layukan suka hargitse, ya ce guguwar maganaɗisu ce daga rana. Irin wannan guguwa ce ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa tara a watan Maris na 1989, saboda haka masu kula da wutar lantarki da tauraron ɗan'adam ba sa ɗaukar wannan bincike da wasa.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na ranar 26 ga Janairu, 2001. A ranar girgizar ƙasa mai tsanani ta auka wa jihar Gujarat ta Indiya, ta hallaka dubban mutane. Kusan minti goma bayan haka igiyoyin girgizar, waɗanda suka ratso cikin duniya tafiyar fiye da kilomita 6,000, suka iso Rustrel, na'urorin auna girgiza suka ɗauke su kamar yadda aka saba, amma a daidai lokacin SQUID ma ta motsa. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce igiyar ta matsa dutsen, ruwan da ke cikin tsagoginsa ya gusa, kuma da yake ruwan yana ɗauke da ƙwayoyi masu cajin lantarki, gusawarsa ta haifar da ɗan maganaɗisu. Na tambayi injiniyan ko wannan yana nufin wata rana za a iya sanin zuwan girgizar ƙasa kafin ta auku. Ya girgiza kai, ya ce abin da suka gani ya zo ne bayan girgizar, kuma duk da cewa ana binciken alamun da ka iya gabatarta, har yau babu mai iya faɗin rana da wuri. Na ji daɗin wannan amsa, domin fage ne da alkawarin ƙarya yake iya jawo asarar rayuka.

Wannan ruwa da ya motsa SQUID shi ya kai mu zango na gaba, kuma a nan ne na ga abin da ya haɗa wurin duka. A wani reshe na ramin an bar bangon ba kankare, dutsen yana tsirara, fari-fari mai tsage-tsage, kuma daga wata tsaga a sama ruwa yana ɗiga cikin mazurari, ya bi siririn tiyo zuwa wani ɗan ma'auni mai ƙirga yawansa. Na sa yatsa na taɓa, sanyi ƙalau. Wata matashiya da ke ɗibar ruwan a ƙananan kwalabe tana rubuta kwanan wata a jikinsu ta bayyana mini cewa dutsen farar ƙasa ruwan sama yana cin sa a hankali, ya yi masa ƙofofi da magudanai, kuma masu nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa galibi suna ganinsa ne a inda ya shiga da inda ya fito, tsakiyar tafiyar a ɓoye take, amma ramin sojoji ya tsaga wannan tsakiya ya ba su taga. Wata tsagar tana amsa ruwan sama cikin 'yan kwanaki, wata tana ɗiga shekara duka ba ta damu da abin da ke faruwa a sama ba. Ga mai neman ɓoyayyen abu wannan ruwa damuwa ne, domin yana tafe da radon. Ga mai SQUID yana iya zama abin da ya gurɓata masa layi. Ga ita kuwa shi ne karatun duka. Haka miyon ɗin da masu kwalabe suke gudu, wasu a nan ƙirga su suke yi domin su auna kaurin dutsen da ke sama da yawan ruwan da ya sha, dabarar da aka bi aka gano wani babban fili a cikin dalar Khufu ta Masar a 2017. Kowa a cikin dutsen nan yana buƙatar bayanan maƙwabcinsa domin ya cire su daga nasa, kuma ina ganin da wuya a sami wata hanya da ta fi wannan tilasta wa masana fannoni daban-daban su zauna su fahimci juna.

Sauran wuraren mun bi su da sauri domin lokaci ya ja. Akwai na'urar auna ƙarfin jan ƙasa wadda take ganin yadda wata da rana suke ɗaga doron ƙasa da sauke shi sau biyu a yini, kamar yadda suke yi wa teku, take kuma jin ƙarin nauyin dutsen bayan an yi ruwa mai yawa. Akwai inda kamfanonin kayan lantarki suka taɓa jera ɗaruruwan ƙwaƙwalen kwamfuta suna aiki, domin niyutron daga sama yakan juya sifili ya koma ɗaya a cikinsu, kuma sai an kwatanta kuskuren da suke yi a kan tsauni da wanda suke yi a ƙarƙashin dutse ake gane nawa ne laifin sama, nawa ne na kayan da aka ƙera su da shi. Akwai kuma sababbin hanyoyi biyu masu tsawon mita 150 kowace, waɗanda aka haƙa saboda aikin MIGA, inda ake son amfani da hasken leza da atam masu tsananin sanyi wajen auna ƙananan sauye-sauyen ƙarfin jan ƙasa.

Da muka fito la'asar ta yi. Hasken ya sa na rufe ido, kuma abin da ya fara dukan kunnena shi ne iska a cikin ganyaye da kukan wani tsuntsu da ƙarar mota can nesa a kwari, duk a lokaci guda, da ƙarfin da ban lura da shi ba da safe. Injiniyan ya rubuta lokacin fitarmu a littafi, muka mayar da hulunan, muka yi masa godiya.

Washegari, a hanyarmu ta komawa Avignon, ɗalibina ya ratse da ni zuwa Fontaine-de-Vaucluse, kimanin kilomita 30 yamma da Rustrel, inda ruwan da ya shiga duwatsun yankin, daga fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, yake fitowa ta ido ɗaya ya zama kogin Sorgue. Ita ce maɓuɓɓuga mafi girma a Faransa, kuma na'urar da aka zura cikinta a 1985 ta yi ƙasa fiye da mita 300 kafin ta taɓa yashi. Muka bi gefen kogin a ƙafa har gindin wani tsayayyen dutse mai tsawon gaske. Da yake an daɗe ba a yi ruwa sosai ba, idon ya janye can ƙasa cikin bakin kogo, kore shar, ko motsi ba ya yi, kuma a jikin dutsen ana ganin ma'aunin da ke nuna inda yake kaiwa idan ya cika ya tumbatsa. Ɗalibina ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ya fara haɗuwa ta gabas, wajen tsaunin Albion, ya ce, "Malam, in aka yi ruwan nan yau da dare, mazurarin da ka taɓa jiya zai riga wannan wurin sani."